Kifin da Alhaji Ɗalha Ya Sayo a Kano

Amatullah na yanka kokwamba zagaye-zagaye, mijinta Alhaji Ɗalha na tsaye a kanta yana ɗaukar bidiyo, gumi na tsiyayo masa ta ƙasan hula. Mutumin da a da ba ya leƙa madafa sai in zai kulle sito, yau shi ne mai cewa a ɗan juya farantin ya kalli haske.

A wani lambun mangwaro suke a hanyar Kusada, ana tsakiyar bazara. An shimfiɗa darduma, abokansa biyu na majalisa, Manu da Auwalu, sun zo da matansu. Ba don ƙauna ya gayyato su ba, shaidu yake nema.

Wata huɗu ke nan da fara abin. Amatullah kan sa hotunan girkinta a zauren WhatsApp na matan Kankiya, sai wata mai kiran kanta Ba-Sani-Ba-Sabo ta sa ta a gaba. Ita ba ruwanta da girkin, maigidan take hari. "Allah sarki, har yanzu da icce? An ce ma shi ke gutsuro maki magi da safe."

Mata suka nuna wa mazajensu, mazajen suka kai majalisa. Babban dillalin hatsi guda, mai shago uku a kasuwa, aka koma in ya yi sallama sai kowa ya kama tari. Cikin sati ya sayo murhun gas. Ba-Sani-Ba-Sabo ta koma kan randa, ya sayo firji har da sola. Ta koma kan atamfar Sallah, ya sayo leshi. Duk lokacin da Amatullah ta miƙa masa wayar ya karanta, idonta a bushe yake.

"Rabu da ita, Alhaji," takan ce. "Ni ai na saba da haƙuri."

Wannan ya fi zagin ƙona masa rai. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne matar ta san har aljihun da makullin sito ke zama. Ya zargi maƙwabta, ya ƙara wa katanga layi uku na bulo. Ya zargi mai kitso, ya hana ta shigowa. Zagi bai fasa ba.

Makon jiya Amatullah ta sa hoton kwaɗon gurji da ƙuli-ƙuli. Nan take aka rubuto: "Matan manya na lambu suna shan iska da kokwamba da salmon, ke kina fama da gurji. Kodayake wanda bai taɓa kai ki ko bakin titi ba, ina zai san wannan?"

Sai da Ɗalha ya tambayi mutum uku kafin ya gane salmon kifi ne na ƙasar Turawa. Da ƙafarsa ya je Kano. Da mai kanti ya faɗi farashin ɗan ƙunshin da bai kai tafin hannu biyu ba, sai da ya nemi kujera. Wai kuma banda ne, alhali ga shi jajir, da laushi kamar ɗanye. Haka ya rungumo shi cikin ƙanƙara har Kankiya, ya ari motar Manu don fitar yau.

Aikin bai ci minti biyar ba. Amatullah ta shafa wa kowane yanki kindirmon da ta tace ya yi kauri, ta naɗe ɗan kifi a kai, ta ɗiga lemon tsami, ta barbaɗa masoro, ta soke da tsinke. Manu ya tauna nasa kamar mai cin sassaƙen maɗaci, ya ce ma sha Allah. Auwalu ya faki ido ya tura nasa ƙarƙashin darduma. Ɗalha ya haɗiye nasa ba tare da ya tauna ba, ya ce a tura bidiyon yanzu-yanzu.

Amatullah ta tura, ta rataya jakarta, ta ce bari ta wanke ƙarni a bakin rijiyar lambun. Ta dawo ta zauna ke nan matar Manu ta duba zauren a wayarta, ta dafe ƙirji, ta karanto da ƙarfi, don ita ba ta iya karatu a zuci ba:

"Kifi dai ya yi. To amma da motar wa aka zo? Ta aro?"

Tarin nan na majalisa ya kama Manu da Auwalu lokaci guda. Amma yau Ɗalha murmushi ya yi. Amatullah ta hana shi lambar, wai ba ta son fitina, amma ƙanwarsa Hassana da ke aure a Kusada tana cikin zauren, kuma wata huɗu yana roƙonta lambar matar tana cewa, "Yaya, sirrin mata ne." Da safen nan ta gaji ta turo masa.

Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga wayar sama.

"Yau kowa zai ji muryar 'yar banzar nan. Ga lambarta."

Amatullah ta jawo jakarta kusa da ita.

"Alhaji, don Allah ka bari sai mun koma gida."

"Mi za a bari? A gaban mutane aka ci mani mutunci, a gabansu za a ƙare ta!"

Ya danna, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Kira ya shiga, sai wata 'yar ƙaramar waya da Ɗalha bai taɓa sanin da ita ba ta kama kuka a cikin jakar Amatullah.