Wata Bakwai Rabonta da Shiga

Ranar Asabar kawai Zubair ke zuwa makarantar nan ta gefen Bagwai, lokacin da babu kowa sai awakin maƙwabta. Shi ya haɗa kwamfutocinta goma sha biyu, ya ɗora su a kan wata babbar kwamfuta mai riƙe da rajistar ma'aikata: sunan kowa, kalmar sirrinsa, da iyakar inda zai iya leƙawa. Malamin lissafi ba ya ganin jarrabawar Hausa, mai kula da sito ba ya taɓa firinta. Zubair na ji da wannan aiki nasa, har yakan ce mutum zai yi masa ƙarya, amma ban da rajista.

Don haka da Hajiya Ramlat, mai makarantar, ta kira shi daga Kano ta ce za ta rage ma'aikaci ɗaya, a nemo mata wanda ba ya aiki, bai ɓata lokaci ba.

Abin da ya gani a rajistar ya burge shi. Shugaban makaranta, Malam Khalilu, ƙarfe bakwai yake shiga kwamfuta kullum. Yana fita mataimakinsa ya shiga, sai malamin lissafi, sai na Larabci, bi da bi, ba a taɓa samun biyu a lokaci guda ba. Zubair ya ce wannan shi ne tsari. Malam Khalilu da ko katin waya sai an saka masa, ga shi yana buga takarda babu kuskure ko ɗaya. Ashe dattijon ɓoye kansa yake yi.

Suna ɗaya ne ya ɓata layi: Safiyatu Yahya, sakatariya. Wata bakwai rabonta da shiga.

Ranar Litinin Hajiya ta zo da kanta, ta tara ma'aikata, Zubair ya karanta sakamakon da murya irin ta alƙali. Safiyatu, wadda da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta a Watari, ta bi malaman da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya samo abin dubawa a ƙasa.

Ta ce, "Hajiya, ki tambayi Malam."

Malam Khalilu ya yi gyaran murya ya ce, "To, abin da na'ura ta faɗa ai ba a ja da shi."

Nan take Hajiya ta sallame ta, Zubair ya rufe sunanta a rajista. Ya tausaya mata, tsakani da Allah, amma a ganinsa gaskiya ce ta yi halinta.

Ranar Alhamis Hajiya ta sake kira, rai a ɓace: saura kwana huɗu jarrabawa, ko takarda ɗaya ba a buga ba. Zubair ya hau babur ya taho. Rajista ta nuna tun Litinin babu wanda ya shiga. Ya duba wayoyi, ya duba batir, ya hau kwano ya duba sola. Komai lafiya lau.

Ya jawo kujera ya ce wa shugaban, "Malam, zauna ka shiga mu ga inda matsalar take."

Malam Khalilu ya dubi kujerar, ya dubi sauran malamai, kowa ya ɗauke kai.

Can ya ce, "Zubairu, wa ya san kalmarsa a cikinmu? Tun ranar da ka raba mana muka tattara muka ba yarinyar nan, ita ke shigar mana mu duka. Kafin ta gama da namu an tashi, ina ta ga sararin shiga da sunanta?"