Ƙarfen Ƙarƙashin Gadon Baba

Ummaru ya ɗaure ƙarfen a bayan babur ya kama hanyar Kurfi. Ba wai ya damu ya san ko mene ne ba. Tun da aka binne matarsa Turai, in bai ƙirƙiro wa kansa aiki ba, sai ya wuni yana kallon bango.

Abu ne mai nauyi, duk tsatsa, ƙirarsa kamar gwanda. A ƙarƙashin gadon marigayi mahaifinsu ya ci karo da shi, cikin tsummoki da tsofaffin takalma. Tsohon ya tafi bai gaya wa kowa amfaninsa ba.

Turai ba mai ƙorafi ba ce. Abu na ƙarshe da ta roƙe shi shi ne ya duba mata murhu, tukunya tana karkata. Ya gyara mata ya tafi gona. Daga can ya jiyo ƙarar da ta tashi da madafar gaba ɗaya.

Kafin a yi jana'iza kowa a Ɗantutture ya zama alƙali. Ai ƙanensa Sabitu yana sayar da fetur a kwalba, kuma a jikin madafar yake ajiye jarkarsa, duk da an sha hana shi. Ummaru bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai fitar da kayansa waje, ya rantse ba za su sake kwana gida ɗaya ba. Kullum Inna sai ta roƙe shi ya yafe wa ɗan'uwansa. Shi kuwa ba ya jin fushi, ba ya jin tausayi, ba ya jin komai.

Maƙerin Kurfi ya juya ƙarfen, ya ƙwanƙwasa shi da guduma.

"Ko dutsen awon auduga ne na zamanin Turawa? Da na hura wuta, da mun gasa shi tsatsar ta zube mu gani. Kai shi Dutsin-Ma wurin Baba Sodangi, ai tare suka yi soja da mahaifinku."

Ummaru ya tarar da Baba Sodangi a ƙofar gida yana jan carbi. Tsohon na ganin abin da ke bayan babur ya miƙe tsaye, ya kori mutane daga layin.

"Ɗana, kashe babur ɗin nan! Kada ka taɓa shi. Wannan harsashin igwa ne, na yaƙin basasa. Da yawanmu mun taho da su tsaraba, muna zaton sun mutu. Ba sa mutuwa. Ya ji zafin wuta kawai, sai dai wani ba kai ba."

Ummaru ya kashe babur ɗin.

"Shi kaɗai ne a gidan?" in ji tsohon. "Na san guda biyu mahaifinka ya kawo."

Ummaru ya zauna a ƙasa. Karo na farko tun rasuwar ya ji wani abu ya tsaga masa ƙirji, Sabitu kuma ya faɗo masa a rai.

Ɗayan, shi da hannunsa ya kafa wa Turai a murhu, a madadin dutsen da ya fashe.