Wanda Ya Shanye Ruwan Unguwa

Kaltumi ta dire jarkar da babu ko ɗigo a ciki gaban sabon wurin cajin motocin lantarki, ta zauna. Ƙafafunta sun kumbura. Tun da famfon unguwarsu ya lalace take jido daga rijiyar bayan gari, yau kuma ta tarar ta ƙafe. A ofishin magajin gari an ce mata kuɗin gyaran famfon a wurin cajin nan aka zuba su.

"Hajiya, lahiya?" in ji mai gadi.

"Mai motar da ya shanye muna ruwa nike jira. In ga idonai, in ce mishi Allah ya isa."

"Wace mota? Mutum guda ke zuwa, shi ma ɗan kabu-kabu ne da moto. Ga shi can tahe daga Tawa."

Ta miƙe da ƙyar, maganar na bakinta.

Ɗan kabu-kabun ya tsaya, ya kwance rawanin da ya rufe fuskarsa. Manzo ne, autanta, bisa babur ɗin lantarkin da ta sayar da awakinta ta saya masa. Da shi gidan ke ci.

"Inna, mi kike yi nan?"

Ta koma ta zauna. "Hutawa nike. Yi cajinka."