Ƙaton da ya durƙusa wa ƙaramin ɗan kokawa

A ƙasar Hangari an yi wani ɗan kokawa, ƙato ne na ajin masu nauyi, wuya kamar turmi. Irin kokawarsu ba a kama ƙafa, ba a sa taɗiya, daga ƙugu zuwa sama ake yin ta. In kuwa alƙali ya ga mutum yana sanya, sai ya sa shi ya durƙusa, abokin karawa ya rungumo cikinsa ta baya ya nemi mirgina shi. To, nan ne lagon mutumin namu. A tsaye babu mai motsa shi, amma da an ce ya yi ƙasa, akwai wani ɗan ƙasar waje da ke juya shi kamar waina. Shekara da shekaru yana zuwa wasan ƙarshe, yana komawa gida da lambar azurfa. Ga furfura ta fara leƙowa, gasa ɗaya ta rage masa, in ta wuce ba zai taɓa ɗaga ta zinariya ba. Abin ya dame shi ƙwarai.

Sai ya tafi wurin mafi ƙanƙantar 'yan wasansu, wanda kansa bai kai masa hammata ba, amma ya yi suna wajen mirgina mutane. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ƙanena, juya ni, ka nuna mini ta inda ake shigo mini." Sauran ƙattin suka yi ta dariya, wai giwa ta zo karatu wurin ɓera. Bai kula su ba. Shi ƙaramin ba shi da ƙarfin ɗaga shi, dabara kawai ya dogara da ita, don haka kullum sai ya gano wata kafa, ƙaton kuma ya toshe ta. Haka suka yi ta fama har ranar gasa. Da aka zo wasan ƙarshe, alƙali ya ce ƙaton ya yi ƙasa. Ɗan ƙasar wajen nan, tsohon abokin hamayyarsa, ya rungumo shi, ya ja dama, ya ja hagu, ya yi nishi har jijiyar wuya ta fito, ko gezau. Da suka miƙe, hannun wancan ya riga ya mutu, mutumin namu ya sunkuce shi ya maka da ƙasa. Waɗanda suka yi dariyar nan su ne suka ɗauke shi a kafaɗa, suna haki.

Shi ya sa Bahaushe ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.