Hoto na Arba'in

"Ba zan fasa ba, Yaya," na ce, ina sa wa Baba takalmi.

"Ke dai da kafiya! Digirin naki na likitanci ne? Ki bar su a gida."

A ranar ne iyayenmu suka cika shekara arba'in da aure. Duk shekara mukan kai su lambun bakin tafki, su zauna a wani tsohon benci, Baba ya riƙe hannun Mama, a ɗauki hoto a rataya a falo. Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba ni ke ba shi abinci a baki, ni ke bin sa in ya fice. Mai leƙowa ran hutu ba zai kafa mini doka ba.

Mama ta ci kwalliya. "Zaman gida ne ke rikita shi," ta ce a mota. "Da ya ga bencin nan zai gane ni."

Ya kuwa gane bencin, har ya share ƙurarsa da hula. Sai ya kamo hannuna. "Zauna mana, amaryata." Ya dubi Mama cikin ladabi. "Baiwar Allah, taimaka ki ɗauke mu hoto."

Mama ta karɓi wayata. "Ku matso," ta ce. "Ku yi murmushi."

Ni na rataya hoton da hannuna, jeren bai yanke ba. Amma babu Mama a cikinsa, kuma tun ranar ta daina sa ran Baba zai gane ta.