Ƙofar da Ta Ƙi Buɗe wa Inna

Tun da jami'a ta damƙa ƙungiyar ƙwallon kwando a hannun na'ura, ita ke zaɓen wanda zai buga, har da wanda zai shiga kallo. Ta auna wasannin Tasi'u kaf, ta gano hannunsa ya fi saiti idan mahaifiyarsa ba ta wurin.

Shi ya sa da Inna ta iso daga Gumel da kwanon dambu, ƙofar filin ta ƙi buɗuwa.

"Ni ce matsalar, ɗan nan?" ta tambaye shi ta tsakanin ƙarafan.

"A'a, Inna. Ki ɗan jira, yau zan ƙaryata ta."

Ya shiga da niyyar ɓarar da duk ƙwallon da ta zo hannunsa, ko lissafin zai juya. Da ta farko ta zo, ya karkatar da hannu da gangan, ya runtse ido, ya jefa.

Filin ya kaure da ihu. Ƙwallon ta faɗa kwando, ko bakinsa ba ta taɓa ba.

Can waje Inna ta ji ihun. Ta yi hamdala, ta bar kwanon wurin mai gadi, ta nufi tasha.