Darasin Gobe

Ita kaɗai ta rage a ajin, tana gwada darasin da za ta koyar gobe a gwajinta na ƙarshe kafin ta zama malamar lissafi. Ta zana da'ira a allo tana yanka ta gida huɗu, sai ga Farfesa a bakin ƙofa. Haka abokansa ke kiransa, don ba wanda ya kai shi lissafi a jami'ar.

Daga nan tsaye ya ce, "Malama, ina so in turo iyayena gidanku."

Ba ta juyo ba. Allin ne kawai ya tsaya a hannunta.

"Ka tuna ranar da kuke zaune a bayan ɗakin karatu? Ka ce 'yan sashen koyarwa su ne waɗanda lissafi ya fi ƙarfinsu. Ina bayanka a lokacin."

Ya sunkuyar da kai. "Wasa nake yi."

"Na sani. Amma sai da na yi mako ban iya kallon allo ba." Sai yanzu ta dube shi, idanunta sun ciko. "Wannan aikin zan yi har in tsufa. Ba zan iya dawowa gida kullum wurin wanda nake jin kunyar ba shi labarin ajina ba."

Ya ja kujerar baya ya zauna.

"To, ki ƙarasa darasin. Ban taɓa tsayawa na saurara ba."

Ta ƙarasa darasin. Ya gane komai, har da abin da ya rasa.